Jiragen ruwan yaƙi samfurin Tribal: ƙirarsu da makamansu

A lokacin yaƙin duniya na biyu, rundunar mayaƙan ruwa ta Birtaniya ta shiga fagen fama da wasu jiragen ruwa 16 masu ɗauke da sunayen ƙabilu, irin su Ashanti da Zulu da Somali da Nubian. Kafin ƙarshen shekarar 1942, an yi asarar 12 daga cikinsu.

Waɗannan jirage su ne ake kira samfurin Tribal, kalmar da ke nufin "na ƙabilu" a Turance. A lokacin da suka fara aiki a shekarar 1938, babu wani jirgi mai irin aikinsu a rundunar Birtaniya da ya kai su girma ko yawan igwa.

An ƙera su ne da nufin su yi musayar wuta da jiragen ruwan abokan gaba. Amma da yaƙi ya ɓarke, sai ya kasance mafi yawan masifar da ta afka musu daga sama ta zo, inda manyan igwoginsu ba sa iya ɗaga baki su kai.

Tarihinsu ya taɓa Afirka ta Yamma, kuma irin aikin da suka yi na rakiya a teku shi ne ya sa sojojin da aka horar a Zariya suka isa Kenya da Indiya, haka kuma audugar Zazzau da gyaɗar Kano suka isa Ingila.

Mene ne distiroya?

Jiragen ruwan yaƙi na wancan zamani sun kasu aji-aji. Akwai manya masu sulken ƙarfe da igwogi masu faɗin baki, akwai matsakaita da ake kira kuruza, sannan akwai ƙanana masu tsananin gudu da ake kira distiroya, wato mai ragargazawa.

Wanda ya taɓa kallon hawan salla a ƙofar fadar Zazzau zai fahimci wannan rabo cikin sauƙi. Manyan jiragen tamkar 'yan lifidi suke, masu nauyi da kariya, waɗanda ba a tura su ko'ina sai inda yaƙi ya yi tsanani. Distiroya kuwa tamkar barade ne, masu saurin kai hari da saurin janyewa, waɗanda ke kewaye runduna suna leƙen abokan gaba.

Asalin distiroya ya samo tushe ne daga wani makami da ake kira tofido. Wata doguwar nakiya ce mai injin kanta, wadda ke gudu a ƙarƙashin ruwa har ta daki cikin jirgi. Wani injiniyan Birtaniya mai suna Robert Whitehead ne ya ƙera na farko mai aiki a shekarar 1866.

Da tofido, ƙaramin kwale-kwale mai inji zai iya nutsar da jirgin da ya ninka shi girma sau ɗari. Don maganin irin waɗannan kwale-kwale ne Birtaniya ta fara ƙera distiroya a farkon shekarun 1890. Na farkon, mai suna Havock, bai kai nauyin tan 300 ba.

Sannu a hankali aikin distiroya ya faɗaɗa. Shi ma ya soma ɗaukar tofido yana kai wa manyan jirage hari, ya zama mai farautar jiragen ƙarƙashin teku, kuma mai rakiyar ayarin jiragen 'yan kasuwa. Ba shi da sulke, don haka gudu da saurin juyawa su ne garkuwarsa.

Dalilin ƙera samfurin Tribal

Daga ƙarshen shekarun 1920 zuwa tsakiyar shekarun 1930, Birtaniya ta riƙa ƙera distiroya iri ɗaya kusan kowace shekara. Kowannensu yana da nauyin kimanin tan 1,400, da igwa huɗu, da bututun harba tofido takwas.

A daidai wannan lokaci wasu ƙasashe suka yi gaba. Japan ta fito da samfurin Fubuki daga shekarar 1928, mai igwa shida masu faɗin baki milimita 127 da bututun tofido tara. Italiya ta ƙera samfurin Navigatori mai igwa shida. Faransa na da manyan distiroya masu gudun gaske, sannan Jamus ta soma ƙera nata masu igwa biyar daga shekarar 1934.

Hafsoshin ruwa na Birtaniya sun ga cewa idan aka yi gaba da gaba, jiragensu za su sha wuta tun kafin su matsa kusa su harba tofido.

Akwai kuma ƙaidin yarjejeniyar Landan ta shekarar 1930, wadda ta taƙaita yawan jiragen yaƙin manyan ƙasashe. Yarjejeniyar ta ce nauyin distiroya kada ya wuce tan 1,850, faɗin bakin igwarsa kada ya wuce milimita 130, kuma kashi 16 cikin ɗari kacal na jimillar nauyin distiroyan ƙasa ne za a iya zubawa a jiragen da suka haura tan 1,500. Ta kuma taƙaita kuruza, alhali Birtaniya na da hanyoyin teku masu yawa da take buƙatar tsarewa.

Saboda haka masu zane suka fara da tunanin ƙaramin kuruza, suka ƙare da babban distiroya wanda nauyinsa ya tsaya daf da iyakar da yarjejeniya ta yarda. Shawarar da suka yanke ita ce a ninka yawan igwa daga huɗu zuwa takwas, a rage bututun tofido daga takwas zuwa huɗu.

A watan Maris na shekarar 1936 aka ba da kwangilar jirage bakwai na farko, a watan Yuni kuma aka ƙara tara. Kamfanoni bakwai na Ingila da Sikotilan ne suka raba aikin, cikinsu har da Vickers-Armstrongs da Thornycroft da Swan Hunter da William Denny. Kowane jirgi ya ci kimanin fam dubu 340, ban da kuɗin makamai.

Sunayen jiragen

Shida daga cikin jiragen 16 na ɗauke da sunayen al'ummomin Afirka: Ashanti na ƙasar Gana, Mashona da Matabele na ƙasar da yanzu ake kira Zimbabwe, Zulu na Afirka ta Kudu, Somali na kusurwar Afirka, da Nubian na bakin kogin Nilu. Akwai kuma Bedouin, sunan Larabawa makiyaya na hamada.

Daga yankin Indiya da maƙwabtanta aka samo Afridi da Gurkha da Punjabi da Sikh. Sauran su ne Maori na Niyu Zilan, da Eskimo da Mohawk na Arewacin Amurka, da Cossack da Tartar na yankin Rasha.

Babu jirgi ko ɗaya a cikinsu da ke ɗauke da sunan wata al'ummar Najeriya. Sunan Najeriya ya hau kan wani kuruza ne dabam mai igwa 12, wanda ya fara aiki a shekarar 1940.

Wannan ba shi ne karo na farko da aka yi amfani da irin waɗannan sunaye ba. Wani rukunin distiroya da ya yi yaƙin duniya na ɗaya ma ya ɗauke su. A shekarar 1917 aka haɗa gaban tsohon Zulu da bayan tsohon Nubian, bayan kowannensu ya yi mummunar lalacewa, aka samu jirgi guda da aka raɗa wa suna Zubian.

Ban da na Birtaniya, Kanada ta mallaki takwas, Ostareliya ta ƙera uku a birnin Sidni. Jimilla ke nan jirage 27.

Jikin jirgi da injinsa

Tsawon kowane jirgi mita 115 ne, wato ya ɗan fi filin ƙwallon ƙafa, faɗinsa kuma mita 11 da ɗoriya. Siririn jiki irin wannan shi ke ba jirgi damar tsaga ruwa da gudu. Idan an cika shi da mai da harsasai da abinci, nauyinsa kan kai kimanin tan 2,500.

Goshinsa dogo ne mai karkata zuwa gaba, don ya rage ruwan da ke fantsamowa kan igwogin gaba idan teku ta yi fushi. Yana da bututun hayaƙi biyu da dogayen sanduna biyu na ɗaura wayoyin rediyo.

A cikinsa akwai manyan tukwanen tururi uku da ake hurawa da baƙin mai. Tururin ne ke juya injuna samfurin Parsons, su kuma su juya farfela biyu da ke ƙarƙashin bayan jirgin. Ƙarfin injunan ya kai na doki dubu 44.

Da wannan ƙarfi jirgin kan yi gudun kimanin kilomita 67 a awa guda. Da a kan tudu yake, zai tashi daga Zariya ya isa Kano cikin kimanin awa biyu da rabi. A teku, ga abu mai nauyin tan dubu biyu, wannan gudu ne na ban mamaki.

Sai dai gudu na shan mai. Jirgin kan ɗauki sama da tan 500 na mai, wanda zai kai shi tafiyar sama da kilomita dubu 10 idan yana tafiya a hankali, wato kilomita 28 a awa. Idan ya sake gudu kuwa, man kan ƙare cikin 'yan kwanaki kaɗan.

A lokacin zaman lafiya mutum 190 ne ke aiki a kowane jirgi. Da yaƙi ya zo aka ƙara makamai da na'urori, sai yawansu ya haura 200, suna cunkushe a ɗakunan da ba a ƙara musu faɗi ba.

Makaman da suke ɗauke da su

Babban makamin jirgin shi ne igwa takwas masu faɗin baki milimita 120. An jera su bibbiyu a kan mazauni huɗu, biyu a gaba, biyu a baya, kuma a kowane ɓangare ɗaya ya ɗara ɗayan tudu don ya yi harbi ta samansa. Wannan ne karo na farko da Birtaniya ta ɗora wa rukunin distiroya igwa tagwaye irin wannan.

Nauyin kowane harsashi kimanin kilo 23 ne, kusan rabin buhun siminti. Igwar kan jefa shi tazarar kilomita 15 da ɗoriya, wato ya zarce nisan da ke tsakanin Ƙofar Doka da Samaru. Ƙwararrun ma'aikata kan harba kimanin harsashi goma a minti guda daga kowace igwa.

Ba kowane mai igwa ne ke auna abin harinsa da ido ba. A saman ɗakin kyaftin akwai hasumiyar auna nisa, wadda ke aika bayani zuwa na'urar lissafi a cikin jirgi, ita kuma ta nuna wa dukkan igwogin inda za su juya da yadda za su ɗaga baki. Ta haka harsasai takwas ke tashi lokaci guda su faɗa wuri guda.

Don kakkaɓo jiragen sama, an ɗora wata bindiga mai baki huɗu, kowanne milimita 40, wadda matuƙa ke kira pom-pom saboda ƙarar da take yi. Akwai kuma bindigogi masu sarrafa kansu samfurin Vickers, milimita 12.7, rukuni biyu masu baki hurhuɗu.

A tsakiyar jirgin akwai bututun tofido huɗu a kan mazauni guda mai juyawa. Kaurin kowane tofido milimita 533 ne, kuma kansa na ɗauke da nakiya sama da kilo 300.

Don yaƙar jiragen ƙarƙashin teku kuwa, akwai na'urar da ake kira Asdik a ƙasan jirgin. Tana aika ƙara cikin ruwa, idan ƙarar ta daki ƙarfe ta dawo, mai sauraro ya gane nisa da shiyyar abokin gaba. Daga nan sai a bi ta kansa a zuba masa bama-baman zurfi, masu kama da durom, waɗanda ake saitawa su fashe idan sun kai wani zurfi. Da farko guda 20 kowane jirgi ke ɗauka, daga baya aka ƙara.

Rauni ta sama

Manyan igwogin takwas ba sa iya ɗaga baki fiye da digiri 40. Masu zane sun san da haka. Mazaunin da zai bar igwa ta kalli sama sosai ya fi nauyi da tsada, kuma ɗura harsashi da hannu a igwar da ta miƙe tsaye aiki ne mai wuya.

Tunanin hafsoshi a lokacin shi ne jiragen sama za su zo ne a jere daga nesa, suna tafiya a miƙe, su nufi manyan jirage. Distiroya da ke gefe zai iya harbinsu tun suna nesa, kuma digiri 40 ya isa wannan aiki.

Ganuwar birni takan tare mahayi da dakare, amma ba ta da rufi. Haka lamarin jiragen Tribal ya kasance da Jamus ta fito da jirgin sama samfurin Stuka, wanda ke zuwa daidai saman jirgin ruwa, ya sulmiyo ƙasa kamar shaho, ya saki bam. A irin wannan hali manyan igwogin ba su da amfani, bindigogin Vickers kuma harsashinsu ya yi ƙanƙanta, ba ya kuma zuwa nesa.

Amurka ta bi wata hanya dabam. Igwar distiroyanta mai milimita 127 tana iya ɗaga baki har digiri 85, don haka tana yaƙar jirgin ruwa da na sama duka.

Darasin ya zo da wuri. Ranar 9 ga watan Afrilun 1940 jiragen saman Jamus suka nutsar da Gurkha a gaɓar Norwe. Ranar 3 ga watan Mayu kuma jiragen Stuka suka nutsar da Afridi yana ɗauke da sojojin da aka kwaso daga garin Namsos.

Bayan haka aka shiga gyara. An cire ɗaya daga cikin mazaunan igwa na baya, aka maye gurbinsa da tagwayen igwa masu milimita 102 da ke iya ɗaga baki har digiri 80. An rage tsawon bututun hayaƙi na baya da sandar baya don kada su tare wa bindigogi hanya. An sauya bindigogin Vickers da samfurin Oerlikon mai milimita 20, sannan aka ɗora na'urar rada mai hango jirgi tun yana nesa.

Gyaran ya taimaka, amma asarar ba ta tsaya ba. Daga cikin jirage 12 da Birtaniya ta rasa, shida jiragen sama ne suka hallaka su: Gurkha da Afridi a 1940, Mashona a 1941, sai Maori da Bedouin da Zulu a 1942. Jiragen ƙarƙashin teku sun nutsar da uku, wato Cossack da Matabele da Somali. Igwogin bakin gaɓa sun hallaka Sikh a Tobruk ta ƙasar Libiya. Punjabi kuwa babban jirgin Birtaniya King George V ne ya yi karo da shi cikin hazo ya raba shi biyu.

Guda ɗaya tak, Mohawk, ya nutse a hannun distiroyan abokan gaba, wato irin jirgin da aka ƙera su domin yaƙa. Shi ma tofido ne na jirgin Italiya ya same shi a gaɓar Tunisiya a watan Afrilun 1941.

A fagen fama

Yawan asarar na da nasaba da yawan aikin da aka ba su. Da yake sun fi sauran ƙarfi, su ake turawa duk inda ya fi haɗari.

A watan Fabrairun 1940, Cossack a ƙarƙashin Kyaftin Philip Vian ya kutsa wani lungun ruwa na Norwe, ma'aikatansa suka haura jirgin Jamus mai suna Altmark, suka 'yanto matuƙan jiragen kasuwanci kusan 300 da ake tsare da su.

Ranar 13 ga watan Afrilun wannan shekara, Bedouin da Cossack da Eskimo da Punjabi na cikin rundunar da ta shiga Narvik tare da babban jirgin Warspite, inda Jamus ta yi asarar distiroya takwas. A matsattsen ruwa irin wannan, yawan igwa ya yi ranarsa. Tofido ya fille wa Eskimo goshi, amma bai nutse ba, aka gyara shi ya koma aiki.

A watan Mayun 1941, Cossack da Maori da Sikh da Zulu, tare da wani jirgin Polan, suka kwana suna kai wa babban jirgin Jamus Bismarck hari, kafin manyan jirage su gama da shi da safe. A watan ne kuma Somali ya kama wani jirgin Jamus mai auna yanayi, aka samu takardun da suka taimaka wajen warware saƙonnin sirri na na'urar Enigma.

A watan Disambar 1941, Sikh da Maori da wasu distiroya biyu suka nutsar da kuruza biyu na Italiya cikin dare a kusa da Tunisiya. Tofido ne ya yi mafi yawan aikin a wannan dare, makamin da masu zane suka rage wa muhimmanci.

Mafi munin asarar rayuka ta faru ne a tekun arewa mai ƙanƙara, a kan hanyar kai wa Tarayyar Sobiyet kayan yaƙi. Da aka harbi Matabele a watan Janairun 1942, mutum biyu kacal suka tsira daga cikin sama da 200.

Ashanti da Nigeria

Jirgin Ashanti, wanda kamfanin William Denny ya ƙera a Dumbarton ta Sikotilan, ya fara aiki a watan Disambar 1938. A watan Fabrairun 1939 ya ziyarci tashar Takoradi, inda aka miƙa masa kyautar ƙararrawar azurfa da garkuwar zinariya daga Sarkin Ashanti, Prempeh na Biyu.

A watan Agustan 1942 Ashanti da kuruza Nigeria suka haɗu a aiki guda, wato rakiyar jiragen kasuwanci 14 zuwa tsibirin Malta da aka yi wa ƙawanya a tekun Bahar Rum. Ranar 12 ga watan wani jirgin ƙarƙashin teku na Italiya ya harbi Nigeria da tofido ya yi masa mummunar ɓarna. Kwamandan rakiyar, Admiral Harold Burrough, ya sauka daga Nigeria ya koma Ashanti, ya ci gaba da jagorancin ayarin daga can. Jirage biyar ne suka isa Malta, cikinsu har da tankar mai Ohio.

Wata guda bayan haka, a tekun arewa, tofido ya sami Somali. Ashanti ya ɗaura masa igiya ya ja shi kwana huɗu, yana kuma ba shi wutar lantarki ta waya don injunan kwashe ruwa su ci gaba da aiki. Daga bisani guguwa ta taso, Somali ya karye biyu ya nutse da akasarin mutanen da suka rage a cikinsa.

Shi kuwa Nigeria an gyara shi a Amurka, ya gama yaƙin, daga baya aka sayar wa Indiya, inda ya yi aiki da sunan Mysore daga 1957 zuwa 1985.

Abin da ya haɗa Zariya da teku

Tsakanin Zariya da tashar jiragen ruwa ta Legas akwai tafiyar kusan kilomita dubu ɗaya ta hanyar dogo. Duk da haka yaƙin teku ya shafi garin kai tsaye.

Tun shekarar 1924 ake horar da kuratan soja a barikin Zariya, kuma Hausa ce harshen da ake magana da shi a rundunar Najeriya ta wancan lokaci. Da yaƙi ya ɓarke, jirgin ƙasa ke kwasar sojoji daga Arewa zuwa Legas, daga nan su shiga jirgin ruwa.

A shekarar 1940 wata birged ta Najeriya ta tafi Kenya ta teku, ta yi yaƙi da Italiya a Somaliya da Habasha. A 1943 runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma ta tashi zuwa Indiya, a 1944 kuma runduna ta 82 ta bi bayanta, dukkansu don yaƙin Bama. Barikin Chindit da ke Zariya ya samo sunansa ne daga rundunar musamman ta Chindit, wadda bataliyoyin Najeriya suka yi yaƙi a cikinta a dazukan Bama a 1944.

Kayan amfanin ƙasa ma ta teku suke fita: auduga daga injin gurza na Zariya, gyaɗa daga Kano, da kuza daga Jos, wadda darajarta ta ƙaru bayan Japan ta kama Malaya a 1942. Jiragen ƙarƙashin teku na Jamus sun nutsar da jiragen kasuwanci da dama a gaɓar Afirka ta Yamma, musamman a 1941, don haka ake tara jirage a Freetown ta Saliyo su tafi a ayari da rakiyar jiragen yaƙi.

Bahaushe ya san wannan dabara tun zamanin fatake, lokacin da madugu ke tara ayari mai yawa da 'yan rakiya kafin a ratsa dajin da ke da 'yan fashi. A teku, distiroya da ƙananan 'yan uwansa ne 'yan rakiyar.

Makomar jiragen

Huɗu ne daga cikin na Birtaniya suka ga ƙarshen yaƙin: Ashanti da Eskimo da Nubian da Tartar. Sun gaji ƙwarai, kuma zuwa shekarar 1949 duk an sayar da su an farfasa.

Kanada ta rasa guda ɗaya, Athabaskan, wanda tofidon Jamus ya nutsar a gaɓar Faransa a watan Afrilun 1944. Na Kanada da na Ostareliya tun daga masana'anta aka ɗora musu igwogin kakkaɓo jiragen sama, kuma da dama daga cikinsu sun yi yaƙin Koriya a farkon shekarun 1950.

Darasin da aka koya ya bayyana a jiragen da suka biyo baya. Samfurin da aka ƙera daf da fara yaƙin ya koma igwa shida da bututun tofido goma. Samfurin Battle kuwa, wanda aka fara ba da kwangilarsa a 1942, an yi masa manyan igwogi masu ɗaga baki har digiri 80.

Daga cikin jirage 27, guda ɗaya ne ya rage a duniya. Shi ne Haida na Kanada, wanda ya daina aiki a 1963. Yana ɗaure a tashar birnin Hamilton da ke lardin Ontario a matsayin gidan tarihi, inda masu ziyara ke hawa su ga igwoginsa da ɗakin injinsa da wuraren kwanan ma'aikatansa.